Aku, Tsuntsun Kurmi: Zamansa, Haihuwarsa, Da Abin Da Ke Ƙarar Da Shi

Da wuya a sami Bahaushen da bai san sunan aku ba. Wanda ya yi makaranta ya gamu da shi cikin littafin nan Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, inda aku ne mai ba da labari, har ya kai ga sarautar waziri. Wanda bai yi makaranta ba kuwa, watakila ya taɓa ganinsa cikin keji a ƙofar gidan wani attajiri, yana gaishe da baƙi, yara sun kewaye shi. In mutum ya cika surutu, mukan ce da shi aku. Amma a cikinmu kaɗan ne suka taɓa ganin tsuntsun nan a sake, yana tashi da fukafukansa cikin ƙasar da aka halicce shi. A wannan fitowa muna so mu ba ku labarin zamansa a can, gama yanzu yana ƙarewa, dalilin ƙarewarsa kuwa abu ne wanda manomi zai riga kowa ganewa.

Kamanninsa

Aku bai kai kaza girma ba. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya wajen santimita 33 ne, watau inci 13, nauyinsa kuwa wajen giram 400, bai cika rabin kilo ba. Jikinsa ruwan toka ne, fuskarsa fara ce ba gashi, bakinsa baƙi ne mai lanƙwasa, wutsiyarsa ja wur. Mace da namiji kamarsu ɗaya, da ƙyar ake rarrabe su da ido. Ana gane yaro da babba ta wurin ƙwayar ido. Idon ɗan aku baƙi ne, yana girma yana washewa, har ya koma rawaya-rawaya.

Ku dubi ƙafarsa. Kaza tana da yatsu uku a gaba, ɗaya a baya. Aku kuwa biyu a gaba, biyu a baya. Saboda haka yana iya riƙe ɗan itace da ƙafa ɗaya, ya kai baki kamar yadda mutum ke yi da hannu. Sa'ad da yake hawan reshe yakan kama da baki ya ja jikinsa, bakin ya zama kamar ƙafa ta uku. Ƙarfin bakin nan ya isa ya fasa ƙwaya mai tauri, ya kuma isa ya tsaga yatsan wanda ya yi masa wasan banza.

Yana da ɗan'uwa a yamma, a ƙasashen Gini, Saliyo, Laberiya da yammacin Kwaddibuwa, wanda ake kira timne. Shi ya fi ƙanƙanta kaɗan, ya fi duhu, jan wutsiyarsa kuma ya ɗan ƙone kamar ɓawon jan goro. Dā ana lissafta su iri ɗaya, amma tun 2012 masana da yawa suka raba su iri biyu. Kada kuma a haɗa aku da tsirya tamu ta nan arewa, koriya mai dogon wutsiya, wadda ke sauka a kan dawa. Dangi ne, amma kowa da ƙasarsa.

Ƙasarsa

Aku tsuntsun kurmi ne, inda ruwan sama ke da yawa, itatuwa suka yi tsawo har suka rufe rana. Ana samunsa daga gabashin Kwaddibuwa da kudancin Gana, zuwa kudancin Nijeriya, Kamaru, Gabon, Afirka ta Tsakiya da Kwango biyu, har Yuganda da yammacin Kenya. A Nijeriya ragowarsa tana wajen Kuros Riba, da fadamun bakin teku na jihohin Ribas da Bayelsa, da kurmin Okomu a jihar Edo.

Ƙasar goro ce ƙasar aku. Kakanninmu fatake sun yi shekaru aru-aru suna bin hanyar Gwanja garin sayen goro, a harshen Asante kuwa sunan tsuntsun nan akoo, kusa ƙwarai da namu. Har wa yau duk akun da kuka gani a arewa, hannun ɗan kasuwa ne ya kawo shi, bai zo da kansa ba.

Ko da yake kurmi ne gidansa, ba ya ƙin gefen kurmi. Yana shiga gonakin koko da na kwakwa, yana bin bakin kogi, muddin an bar manyan itatuwa a tsaye. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yininsa da abincinsa

Aku ba ya zaman kaɗaici. Da yamma sukan taru su kwana wuri ɗaya, a kan dogayen itatuwa ko tukurwa, sau da yawa a tsibiri ko a fadamar da ruwa ya kewaye, inda abin da zai cuce su ba ya kai wa gare su da sauƙi. A zamanin da suke da yawa, makwanci ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwa, wani ma dubbai. Da asuba sai su watse ƙungiya ƙungiya, suna tashi can sama bisa kan itatuwa, suna fito da kururuwa. Sukan yi tafiyar mil da yawa neman abinci, su komo kafin duhu.

Abincinsu 'ya'yan itatuwa ne, da ƙwayoyi, da furanni, da ɓawon itace. Abin da suka fi so shi ne 'ya'yan kwakwar manja. Aku yakan tsinke ɗaya, ya tashi da shi zuwa wani reshe, ya cinye jan naman mai maiƙo, ya yar da ƙwaryar. Wani lokaci kuma sukan sauka a gonar masara su yi ɓarna, ba mu ɓoye wannan ba.

Akwai wani abin mamaki da ake gani a kurmin Lobeke, a kudu maso gabashin Kamaru, da makwabtansa na Afirka ta Tsakiya. A tsakiyar kurmi akwai filaye masu laka inda giwaye ke zuwa. Da safe aku sukan sauko ƙasa da yawa a wuraren nan, suna cin laka da ƙananan ciyayi. Makiyayi ba zai yi mamaki ba, gama ya san abin da ke sa a ba shanu kanwa. Jikin tsuntsu ma yana bukatar gishirin da ke cikin ƙasa.

Aure da ƙyanƙyasa

A nan ne gindin maganar take. Aku namiji yakan zaɓi mace ɗaya, su zauna tare shekara da shekaru. Ba sa saƙa sheƙa da ciyawa, ba sa kuma iya huda itace mai lafiya. Sai sun sami kogon da ya riga ya kasance a jikin babban itace, can sama, sau da yawa mita 10 zuwa 30 daga ƙasa. Rimi yana cikin itatuwan da suke so. Irin wannan kogo kuwa ba a samunsa a ƙaramin itace. Sai itacen ya tsufa, wani reshe ya karye, ruwa da ƙwari sun ci gurbin shekaru da yawa, sa'an nan ɗaki ya samu. Kowace mace da mijinta suna bukatar nasu kogon, sukan kuma koma masa shekara bayan shekara.

Macen takan saka ƙwai 2 zuwa 4. Ita ce ke kwanci, wajen kwana 30, mijin yana kawo mata abinci a baki. 'Ya'yan sukan fito tsirara, idanu a rufe, ba su iya kome ba. Iyayen duka biyu ke ciyar da su. Sai sun yi wajen mako 12 cikin kogon kafin su fita, bayan sun fita ma suna bin iyayensu wata da watanni, suna koyon inda abinci yake da abin da za su guje wa. Ɗan aku ba ya isa haihuwa sai ya shekara 3 zuwa 5. Galibi sau ɗaya suke ƙyanƙyasa a shekara, ba kuwa dukan 'ya'yan ke rayuwa ba, gama birai da shaho da macizai suna nan.

Yanzu ku gwada shi da kazar gidanku. Kaza takan kwanta a kan ƙwai 10 ko 12, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21. 'Yan tsakin suna fitowa suna tsattsagar abinci. Kafin wata bakwai budurwar kaza ta soma nata ƙwai, uwar kuwa ta sake kwanci sau biyu ko uku kafin shekara ta kewayo. Shi ya sa ko annoba ta share kajin gari, bayan shekara ɗaya an sake cika akurki. Aku ba haka yake ba. Abin da ya rasa wajen yawan haihuwa, da tsawon rai yake ramawa, gama wanda aka kula da shi sosai yakan kai shekara 40 zuwa 60. Duk babban aku ɗaya da aka cire daga kurmi, an cire 'ya'yan shekaru masu yawa tare da shi.

Maganar aku

Aku ba shi da leɓe, ba shi da irin maƙogwaron mutum. Muryarsa tana fitowa daga wani ɗan gurbi a gindin bututun numfashi, yana kuma gyara ta da kaurin harshensa. A kurmi ba maganar mutane yake yi ba. Fito yake yi da kuka iri iri, da su yake kiran matarsa, yake sanin 'yan ƙungiyarsa. Masu bincike sun taɓa ɗaukar muryar waɗansu a kurmin Kwango, suka ji suna kwaikwayon kukan waɗansu tsuntsaye, har da na jemage.

Mutane da yawa suna tsammani maimaitawa kawai yake yi, ba hankali a ciki. Wata malama a Amurka, Dokta Irene Pepperberg, ta gwada wannan. A 1977 ta sayi wani aku ɗan shekara ɗaya a kantin tsuntsaye, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana koya masa har ya mutu a 2007. Alex ya san kalmomi fiye da 100. In aka nuna masa abu, yakan faɗi launinsa da siffarsa. Yana ƙirga abubuwa har shida. In aka ɗora abu biyu a gabansa, yana iya faɗin inda suka yi daidai da inda suka bambanta.

Tsuntsu mai irin wannan hankali, wanda ya saba da taro, ba ya jin daɗin zama shi kaɗai cikin ɗan keji. Shi ya sa za ku ga waɗansu suna fige gashin ƙirjinsu da bakinsu har fata ta bayyana. Bakin nan da ya sa mutane ke sha'awarsa, shi ne kuma ya jawo masa wahala.

Yadda ake kama shi

Masu kamu sun san halinsa sarai. Sun san yana son 'yan'uwansa, saboda haka sukan ɗaure aku ɗaya a kan itace, su shafa danƙo a tsinkayen da suka kafa kewaye da shi. Yana kuka, na sama su sauko duba shi, fukafukansu su manne. A filayen laka kuwa raga ake shimfiɗa musu. Waɗansu sukan hau itace su kwashe 'ya'ya daga kogo, in hawan ya gagara su sare itacen ɗungum. A ranar an yi hasara biyu, ta 'ya'yan da ta ɗakin.

Daga nan sai a cusa su cikin akwati ko kwando, a bi da su hanya mai nisa, cikin zafi, ba isasshen ruwa. Da yawa suna mutuwa kafin su kai kasuwa, a waɗansu wurare rabi ko fiye. Wanda kuka gani da rai cikin keji, sau da yawa wani ya mutu a hanya dominsa. Lissafin ciniki tsakanin ƙasashe ya nuna daga 1975 zuwa 2013 an fitar da fiye da 1,300,000 daga Afirka da takardun izini. Waɗanda suka mutu a hanya, da waɗanda aka fitar a ɓoye, da waɗanda aka sayar a kasuwannin cikin gida, ba su cikin wannan lissafi. Ban da masu son na kiwo, akwai masu sayen jan gashin wutsiya da kawuna domin ado da maganin gargajiya.

Abin da ya faru a Gana

A 1992 an ƙirga aku a makwantansu a kudancin Gana. Bayan shekara 20 da ɗoriya, wani masani ɗan ƙasar, Nathaniel Annorbah, tare da abokan aikinsa, ya koma wuraren nan ya sake dubawa. An buga abin da suka samu a 2016. A makwantai uku waɗanda kowannensu dā ke ɗaukar tsuntsaye 700 zuwa 1,200, guda 18 kaɗai suka gani gaba ɗaya. Bisa ga lissafinsu, cikin kowane aku 100 da Gana take da su a 1992, 90 zuwa 99 sun tafi.

Da suka tambayi mutanen ƙauyuka, sai aka ba su dalili biyu. Na fari kamu domin sayarwa. Na biyu sare manyan itatuwa, ba a cikin gandun daji kaɗai ba, har waɗanda ke tsaye cikin gonaki. Dā manomin koko yakan bar rimi da waɗansu dogayen itatuwa su yi wa kokonsa inuwa. Da masu katako suka bi gonaki suna sarewa, ɗakunan aku suka tafi tare da su. Har masu kamun kansu suka rasa sana'a, waɗansu suka bar ta, waɗansu suka ƙetare zuwa wata ƙasa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da doka ta ce

Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen duniya a kan cinikin namun daji, ana kiranta CITES, Nijeriya tana ciki. Daga 1981 ana cinikin aku a ƙarƙashinta da izini da ƙayyadadden adadi, amma hakan bai tsai da ɓarnar ba. Amurka ta rufe ƙofarta ga yawancin tsuntsayen da aka kamo daga daji a 1992, ƙasashen Tarayyar Turai suka bi baya a 2007. A watan Oktoba na 2016, a taron da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka sa aku cikin jerin da ya fi kowanne tsanani. Tun farkon 2017 an hana cinikin akun daji daga wata ƙasa zuwa wata. A shekarar 2016 ɗin kuma aka rubuta shi cikin halittun da ke cikin hatsarin ƙarewa. A Nijeriya akwai dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985. Duk da haka fasa-ƙwauri bai daina ba, gama muddin akwai mai saye, za a sami mai kamu.

Mutanen Ikodi

Akwai wani ƙauye a jihar Ribas, wajen kogin Orashi, ana ce da shi Ikodi. Kusa da garin akwai kurmin da aku ke kwana. Bisa ga al'adar garin ba a kama tsuntsayen, ba a kashe su, ba a kuma sare itatuwan wurin. Abin da suke yi shi ne tsintar gashin da ya zube ƙasa da kansa, su sayar. Sun sha fama da mafarauta daga waje, amma da yake gari ne gaba ɗaya ya tsaya, makwancin ya daɗe bayan na wurare da yawa sun watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya ba ya iya tsaron kurmi, amma gari yana iyawa.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san dokar iri. Kome tsananin yunwar bazara, ba a taɓa damin da aka ajiye domin shuka. Wanda ya cinye iri ya ƙoshi yau, ya yi bara baɗi. Abin da aka yi wa aku ke nan: an kwashe iyaye, an kwashe 'ya'ya, an kuma rushe rumbun. Ga abubuwa huɗu da za ku iya tattaunawa a taron ƙungiyarku.

Na ɗaya, kada mu sayi aku, kada kuma mu karɓi saƙonsa mu kai wa wani. Waɗansunmu suna zuwa kudu cin rani, ko aikin gonar koko, ko fataucin goro da manja. In aka ce ku riƙo kwali mai huji ku kai birni a ba ku lada, ku ƙi. Kuɗin kaɗan ne, laifin kuwa a kan wanda aka kama da kaya yake.

Na biyu, ku sani tsuntsayen da aka cusa wuri ɗaya sukan ɗauki wata cuta mai sa zazzaɓi da ciwon huhu, wadda ke kama mutum ta wurin ƙurar busasshen kashinsu. Tana kama tattabaru da agwagi da talo-talo kuma. Kada a kawo baƙon tsuntsu kusa da abin kiwonku.

Na uku, wanda ya riga yana da aku a gida, kada ya sake shi a nan arewa, gama ba zai rayu ba. A ba shi wuri mai faɗi da inuwa, da ruwa mai tsabta kullum, da 'ya'yan itatuwa da ganye. Gyaɗa zalla ba ta isa abinci ba, gyaɗa mai fumfuna kuwa tana kashe shi.

Na huɗu, mu dubi tsofaffin itatuwan gonakinmu da sabon ido. Aku ba ya zama a ƙasarmu, amma tsirya da cilakowa da mujiya duk a kogon itace suke haihuwa, mujiya kuwa ita ke rage mana ɓeraye. Ƙudan zuma ma a nan suke sauka. Tsohuwar kuka, ko ɗorawa, ko rimi mai kogo, mai gatari yakan ga kamar ya gama amfani, alhali kuwa a lokacin ne ya zama gida. Ana iya sare shi cikin yini ɗaya, amma wanda ya shuka madadinsa, jikokinsa ne za su ga kogon. Kafin ƙungiya ta yarda a sayar wa mai katako ko mai gawayi da irin wannan itace, a zauna a yi shawara tukuna, a kuma shuka waɗansu tun yanzu.